Ranar 'Yan Kishin Ƙasa a Massachusetts: Bikin da Garuruwa Suka Raya

Gabatarwa

Ƙasashe da dama suna da ranakun tunawa waɗanda gwamnati ke ayyanawa, a rufe ofisoshi, a yi fareti a babban birni, shugabanni su yi jawabi, talaka kuwa ya wuni a gida bai san abin da ake tunawa ba. Akwai kuma ranakun da jama'a suka karɓa suka mayar nasu, har ta kai ko da hukuma ta janye hannu za su ci gaba da raya su. Wannan muƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan ranaku na biyu, wato Ranar 'Yan Kishin Ƙasa, wadda masu ita ke kira Patriots' Day. Ana yin ta ranar Litinin ta uku ga watan Afrilu a jihar Massachusetts da jihar Maine, a arewa maso gabashin Amurka. Ba ta cikin jerin ranakun hutu na tarayya, kuma mafi yawan Amurkawa suna zuwa aiki a ranar kamar kullum. Amma a wannan yanki ta shafe sama da shekara 130 tana ƙara ƙarfi. Manufar muƙalar ita ce nuna dalilin haka: ranar ta rayu ne saboda an bar ta a hannun garuruwa da unguwanni, kuma wannan ne ya ba waɗanda aka manta da su a farko damar shigowa cikinta daga baya.

Abin da Ya Faru Ranar 19 ga Afrilu, 1775

A shekarar 1775 Massachusetts tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Bayan da wasu mutanen Boston suka zubar da ganyen shayi a teku cikin Disambar 1773 don nuna ƙin haraji, majalisar dokokin Ingila ta rufe tashar jiragen ruwan birnin, ta kuma taƙaita tarukan gari da mazauna ƙauyuka suka saba yi don yanke shawara kan al'amuransu. Wannan mataki ya taɓa mutane a inda ya fi yi musu ciwo, domin taron gari shi ne majalisar manomi. Garuruwa suka shiga tara albarushi da bindigogi. Kowane gari yana da dakarunsa na sa-kai, manoma da maƙera da masu kantuna, kuma daga cikinsu aka ware wasu da suka ɗauki alkawarin fitowa cikin minti guda idan aka buga ƙararrawa.

A daren 18 ga Afrilu gwamnan soja, Janar Thomas Gage, ya tura sojoji kimanin 700 daga Boston zuwa garin Concord, tafiyar kusan kilomita 30, don su lalata makaman da aka ɓoye a can. Asirin bai rufu ba. An rataye fitilu biyu a hasumiyar cocin da ake kira Old North, alamar cewa sojojin za su tsallaka ta ruwa. Wani maƙerin azurfa, Paul Revere, da wani majemi, William Dawes, suka hau dawakai ta hanyoyi daban-daban suna tayar da mutane. A hanya suka haɗu da wani matashin likita, Samuel Prescott, kuma shi kaɗai ne ya isa Concord da saƙon, domin 'yan sintiri sun kama Revere, Dawes kuma ya juya.

Da asubahin Laraba sojojin suka iso garin Lexington, suka tarar da mutum kamar 77 a tsaye a dandalin gari ƙarƙashin Kyaftin John Parker, manomi mai fama da tarin fuka. Wani ya harba bindiga, kuma har yau masana ba su daidaita kan ko daga wane ɓangare ba ne. Mutum takwas na dakarun gari suka mutu, goma suka ji rauni. A Concord, a kan Gadar Arewa, dakarun garuruwa kusan 400 suka fuskanci sojojin da ke tsaron gadar. A nan ne Kyaftin Isaac Davis na garin Acton ya faɗi, a nan ne kuma aka fara kashe sojojin Sarki. Komawar sojojin Boston ta zame musu azaba, domin manoma sun bi su da harbi daga bayan katangun duwatsu da itatuwa. Faɗa mafi muni ya auku ne a ƙauyen Menotomy, wanda yanzu ake kira Arlington, inda wani dattijo mai shekara 78, Samuel Whittemore, ya fito da bindigarsa, aka harbe shi aka sassoke shi, amma ya rayu shekara 18 bayan haka. Kafin faɗuwar rana Birtaniya ta rasa sojoji 73, garuruwan kuma mutum 49. Yaƙin neman 'yancin Amurka ya fara ke nan, fiye da shekara guda kafin a ayyana 'yancin ranar 4 ga Yuli, 1776.

Abin lura a nan shi ne, babu wata rundunar ƙasa da ta yi wannan faɗa, domin ba a kafa ta ba tukuna. Garuruwa ne suka fito, kowane da kyaftin ɗinsa, maƙwabci kusa da maƙwabci, uba kusa da ɗa. Yadda aka yi faɗan, haka aka gaji tunawa da shi.

Daga Ranar Azumi Zuwa Ranar Tunawa

Sama da shekara ɗari ranar ba ta zama hutu ba. Kowane gari yana tuna mamatansa yadda ya ga dama. Lexington ta kafa dutsen tunawa a dandalinta a 1799, daga baya ta mayar da ƙasusuwan mamatanta kusa da shi. Concord ta kafa nata a bakin gada, kuma a bikin ƙaddamar da shi a 1837 aka rera waƙar da Ralph Waldo Emerson ya rubuta. Garuruwan biyu sun daɗe suna jayayya kan inda yaƙin ya soma. Mutanen Concord suna cewa a wurinsu ne aka fara mayar da martani bisa umarni, mutanen Lexington suna cewa jininsu ne ya fara zuba. Har littattafai aka wallafa kan wannan gardama a shekarun 1820. A bikin cika shekara ɗari, a 1875, sai da Shugaba Ulysses Grant ya raba wuninsa tsakanin garuruwan biyu.

A ɗaya gefen kuma akwai wata tsohuwar al'ada. Tun zamanin Turawan farko da suka zauna a yankin, masu tsananin riƙo da addinin Kirista, gwamna kan ayyana ranar azumi da addu'a a watan Afrilu, kafin a fara shuka, don roƙon gafara da albarkar gona. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 Massachusetts ta zama jihar masaƙu da masana'antu, cike da baƙi daga Ailan da Kanada da Italiya. Ranar azumin ta koma ranar wasanni da yawon shaƙatawa, majami'u kuma suna zama kusan fayau. A 1894 aka soke ta, Gwamna Frederic Greenhalge ya ayyana 19 ga Afrilu a madadinta. Lexington ta so a sa wa ranar sunanta, Concord ma haka, sai gwamnan ya zaɓi sunan da ba na kowa ba kuma na kowa ne. Ya kuma haɗa da wani abin tunawa: a ranar 19 ga Afrilu, 1861, wata tarzoma a birnin Baltimore ta hallaka sojojin Massachusetts huɗu da ke kan hanyar zuwa kare Washington, a farkon yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Shi kansa Greenhalge a Ingila aka haife shi, ƙasar da aka yaƙa a ranar da ya ɗaukaka. Maine, wadda take ɓangare na Massachusetts har zuwa 1820, ta bi sahu a 1907. Daga 1969 aka mayar da hutun Litinin ta uku ga wata.

Ke nan sabuwar ranar ta gaji gurbi mai kyau a cikin shekara. A wannan yanki hunturu yana da tsawo, dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa, rana tana faɗuwa da wuri, mutane suna wuni a cikin gida. Tsakiyar Afrilu ita ce bazararsu, lokacin da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, aka fara buɗe tagogi. Jama'a dama suna ɗokin fita. Hukuma ba ta ƙirƙiro wannan ɗoki ba, ta dai ba shi suna da dalili.

Yadda Garuruwa Ke Wuni

Bikin yakan fara tun kafin ranar. A cocin Old North ana gudanar da taron kunna fitilu, al'adar da ta samo asali tun 1875, inda ake hawa hasumiya da fitilu biyu kamar yadda aka yi a wancan dare. Wasu mahaya cikin tufafin zamanin da sukan bi hanyoyin Revere da Dawes, suna tsayawa gari-gari ana tarbarsu.

A Lexington, bisa al'ada, mutane kan tashi tun ƙarfe uku ko huɗu na dare. Iyaye suna naɗe yara da barguna, wasu suna ɗauke da ƙananan tsani na gida don su hango ta saman kawunan jama'a. Ana buga ƙararrawar gari, sannan wajen ƙarfe biyar da rabi a kwaikwayi arangamar a daidai filin da ta faru. Masu kwaikwayon 'yan sa-kai ne, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan fansho, waɗanda ke sayen tufafi da bindigogin toka da kuɗinsu. Kowane ɗaya daga cikin masu wakiltar dakarun gari yana ɗaukar sunan wani mutum na gaske da ya tsaya a filin a 1775, ya nazarci rayuwarsa. Wasu kuma su sa jajayen riguna su tsaya a matsayin sojojin Sarki, jama'a na yi musu ihu cikin raha. Duka wasan 'yan mintoci ne. Hayaƙin albarushi ya turnuƙe, mutum takwas su faɗi, mata cikin dogayen riguna su rugo kansu. Yaron da ya ga wannan da idonsa cikin sanyin asuba ya sami darasin da littafi ba zai ba shi ba, domin gani ya kori ji.

Daga nan sai karin kumallo. Majami'u da ƙungiyoyin 'yan sikawut da na taimakon al'umma suna buɗe zaurukansu suna sayar da wata faffaɗar wainar fulawa da ƙwai da madara, wadda daga sunanta na Ingilishi Hausa ta samo kalmar fanke. Ana zuba mata zaƙin da ake dafawa daga ruwan itacen mapul, wanda ake tatsa a ƙarshen hunturu. Kuɗin da aka samu yana tafiya ga ayyukan ƙungiyoyin. A kan waɗannan dogayen tebura ne maƙwabtan da sanyi ya raba tsawon watanni suke sake gaisawa.

Mutanen Acton suna da tasu al'adar. Da sassafe sukan taka da ƙafa, da ganga da sarewa, kimanin kilomita 11 zuwa Gadar Arewa, ta hanyar da Isaac Davis ya bi da mutanensa. A bakin gadar akwai mutum-mutumin manomi riƙe da bindiga, ɗaya hannun a kan garma, aikin Daniel Chester French da aka ƙaddamar a 1875. A ɗaya tsallaken akwai kabarin sojojin Birtaniya da suka mutu a wurin, kuma ba a rasa furanni da ƙananan tutocin ƙasarsu a kansa. Garuruwa suna yin fareti, 'yan makaranta da 'yan kwana-kwana da tsofaffin sojoji suna wucewa. Makarantun gwamnati suna hutun mako guda da ke farawa daga wannan Litinin. Har hukumar haraji ta tarayya takan ƙara wa mazauna jihohin biyu kwana idan wa'adin miƙa takardun haraji ya faɗo a kan hutun, abin da ke sa mutane murmushi idan suka tuna cewa rigimar haraji ce mafarin labarin.

Gudun Fanfalaki da Wasan Hantsi

Shekara uku bayan ayyana hutun aka ƙara masa abin da ya sa duniya ta san shi. Wasu 'yan Ƙungiyar Wasanni ta Boston sun halarci gasar Olamfik ta farko ta zamani a birnin Atina a 1896, suka ga tseren dogon zango da aka shirya don tuna labarin manzon da ya kawo albishirin nasara da gudu. Labarin ya yi kama da na mahayan daren 18 ga Afrilu. A ranar 19 ga Afrilu, 1897, mutum 15 suka tashi daga garin Ashland, John McDermott ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 55 da daƙiƙa 10. A 1924 aka mayar da mafarin zuwa Hopkinton. Yau tseren kilomita 42 ne da 'yan kai, yana ratsa garuruwa da birane takwas, masu gudu kusan 30,000 ne, masu kallo kuma dubban ɗaruruwa. Shi ne gudun fanfalaki na shekara-shekara mafi daɗewa a duniya.

Hanyar tseren daban take da hanyar da sojoji suka bi a 1775, amma ɗabi'ar ɗaya ce: kowane gari yana fitowa bakin titinsa. Iyalai suna kafa kujeru a ƙofar gida, suna gasa nama, yara suna miƙa wa masu gudu ruwa da yankan lemo. A tsakiyar hanya ɗaliban kwalejin mata ta Wellesley suna jeruwa suna sowa, har ana jiyo su daga nesa. A Newton akwai jerin tuddai da ke tarar mai gudu lokacin da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, a nan ne jama'a suka fi cunkushewa suna kiran baƙin da ba su taɓa gani ba da sunayen da ke rubuce a rigunansu. A cikin birni kuma ƙungiyar Red Sox tana buga wasan besbol, ƙwallon da ake duka da kulki, a filinta na Fenway da misalin ƙarfe 11 na safe, lokacin da ba a saba ba. Idan aka tashi, 'yan kallo su fito su tarar da masu gudu suna wucewa a kusa, saura ƙasa da kilomita biyu su gama.

Waɗanda Aka Manta da Su

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka labarin duka murna ne, alhali akwai inda gizo ke saƙa. Cikin waɗanda suka ji rauni a dandalin Lexington akwai Prince Estabrook, baƙar fata kuma bawa. Ya zubar da jini don 'yancin garin da bai ba shi nasa ba. Sai a 1783 hukunce-hukuncen kotu suka kawo ƙarshen bauta a Massachusetts, kuma sai a 2008 aka kafa masa allon tunawa kusa da dandalin. Matan da suka ɓoye makamai, suka kwashe yara zuwa daji, suka yi jinyar masu rauni, su ma ba a ga sunayensu a kan duwatsu ba. Bayan bikin 1875 marubuciya Louisa May Alcott, 'yar Concord, ta rubuta ƙorafi a wata jaridar mata kan yadda aka bar matan gari ba tare da an tanadar musu wuri ba. Haka nan ƙasar da ake wannan biki a kanta ta 'yan asalin yankin ce, waɗanda jihar ma daga sunan wata al'ummarsu ta samo nata.

Da bikin na zauren gwamnati ne, da shigar waɗannan mutane sai da takardar gayyata. Amma biki ne na titi, titi kuwa ba shi da ƙyaure. Tom Longboat, ɗan al'ummar Onondaga daga Kanada, ya lashe tseren a 1907. Ellison Brown, ɗan al'ummar Narragansett, ya lashe a 1936 da 1939. A 1966, lokacin da aka hana mata shiga, Roberta Gibb ta ɓuya a cikin shuke-shuke kusa da mafari, ta faɗa cikin maza ta gama tseren. A shekarar da ta biyo baya wani jami'in gasar ya yi ƙoƙarin fizge lambar Kathrine Switzer a tsakiyar hanya, hotunan suka zagaya duniya, ita kuma ta kai ƙarshe. A 1972 aka amince da mata a hukumance. A 1975 Bob Hall ya gama tseren a keken guragu. A 1988 Ibrahim Hussein na Kenya ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi nasara, Fatuma Roba ta Habasha kuma ta lashe sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999. Masu adawa da gwamnati ma sun sami wurinsu: a bikin cika shekara 200, a 1975, dubban masu zanga-zanga sun kwana a kusa da Gadar Arewa, suka yi wa Shugaba Gerald Ford ihu yana jawabi, suna masu cewa su ne magadan manoman da suka ƙi bin umarni.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ranar 15 ga Afrilu, 2013, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi kusa da ƙarshen tseren a titin Boylston. Mutum uku suka mutu, ciki har da yaro ɗan shekara takwas, sama da 260 suka jikkata. Mazauna unguwannin suka buɗe gidajensu ga masu gudun da suka rasa inda za su nufa. Lelisa Desisa na Habasha, wanda ya zo na ɗaya a ranar, ya dawo daga baya ya miƙa wa birnin lambar yabonsa. A 2014 jama'a suka fito fiye da da, kuma wanda ya lashe tseren maza shi ne Meb Keflezighi, Ba'amurken da aka haifa a Eritiriya, wanda iyalinsa suka tsere wa yaƙi. Ya yi gudun ne da sunayen mamatan a rubuce a jikin lambarsa. Shi ne Ba'amurke na farko da ya lashe tseren maza tun 1983.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya ne. Tarihin wannan rana ya nuna cewa doka tana iya ba da hutu, amma raya shi aikin masu gari ne. Dokar 1894 ta tsayar da kwanan wata da suna kawai. Tashin asuba, da wainar zauren coci, da tattakin mutanen Acton, da lemon da yaro ke miƙa wa baƙo mai gudu, duk jama'a ne suka ƙara su, shekara bayan shekara, da kuɗinsu da lokacinsu. Akwai masu kukan cewa tsere da ƙwallo sun danne tunawa da mamatan 1775, kuma kukan nasu yana da tushe, domin da yawa daga cikin matasan Boston sun fi sanin ranar da sunan Litinin ɗin gudu. Sai dai ranar azumin da ta gabace ta ta mutu ne lokacin da abin da hukuma ke shela ya rabu da abin da mutane ke yi. Wannan kuwa ta haɗa su a wuni guda, mai neman tarihi ya same shi da asuba a Lexington, mai neman nishaɗi ya same shi da hantsi a bakin titi, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke zuwa duka biyun. A Afrilun 2025 aka cika shekara 250 da wancan faɗa, garuruwan suka sake buga ƙararrawa, aka tuna da mutum takwas da suka faɗi a dandali.